Tiyo, jarka ko butar lambu: da me za ka cika tankin motar tafi-da-gidanka?

Wata ranar Litinin ce, la'asar ta yi sakaliya, ina tsaye a wani ɗan ƙauye a tsakiyar Faransa gaban wani dogon akwatin ƙarfe mai famfo biyu. Ga tiyo a hannuna, ga tsabar yuro a aljihu, amma ruwa ya ƙi zuwa. Ashe akwatin ba ya cin kuɗi, sai wani ɗan kwabon ƙarfe da suke kira jeton, kuma an rubuta a jikinsa cewa a gidan burodi ake saye. Na taka zuwa gidan burodin, na tarar da shi a garƙame, don da yawansu ran Litinin suke hutu. Ma'aunin ruwan motar kuwa tun hantsi ya faɗa ja. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, ko buta guda ba za a samu ba? Rana fa tana shirin faɗuwa."

Wani dattijo mai yawo da karensa ne ya nuna mini famfo a jikin katangar maƙabartar garin, ta waje, can ƙarshen wani lungu da ko a-daidaita-sahu ba za ta shiga ba. Tiyona mita 15 ne, famfon kuma ya kai mita 200. Abin da ya fisshe mu kunya a ranar wata butar roba ce ta ban-ruwan lambu mai cin lita 10, wadda na saya don kawai na ga tsofaffin hannu suna yawo da irinta. Sahu biyar na yi. A na huɗu ɗana ya ce, "Abba, yau ka zama ɗan garuwa, kura kawai ta rage maka."

Motar da nake magana a kai ita ce mai gado da kicin da bayi a cikinta. A Ingila motorhome ake ce mata, a Faransa camping-car, a Jamus Wohnmobil, mu kuwa tun kafin mu san ta muke da sunanta, tafi-da-gidanka. Wanda zai yi hayarta ko ya saya yakan zuba hankalinsa kan mai da hanya da wurin kwana, alhali ruwa ne ke fara ƙarewa. Yawancin waɗannan motoci a Turai tankinsu na ruwa mai tsafta yana cin lita 100 zuwa 120, ƙananan kuma ƙasa da haka. Mu kuma muna da buƙatar da Baturen da ya yi fakin kusa da mu ba shi da ita: alwala, tsarki, wanke shinkafa, jiƙa tukunyar da aka tuƙa tuwo a ciki. Tankin da shi da matarsa za su yi kwana huɗu a kai, mu mu huɗu in ya kai mu kwana biyu ya yi ƙoƙari. Saboda haka zaɓin abin cika tanki a wurinmu ba zancen ƙawa ba ne, aiki ne na kusan kullum.

Tiyo shi ne abin da kowa ke fara saye, kuma da dalili. In ka samu famfo mai ƙarfi ka matsar da mota kusa, cikin minti goma ka cika tanki kana tsaye hannu a aljihu. Babu ɗauka, babu ciwon baya. Sai dai tiyo yana da sharuɗɗa uku da dole su haɗu lokaci guda: mota ta iya isa kusa da famfo, bakin famfon ya dace da kan tiyon da kake da shi, kuma ruwan ya zo da ƙarfin da zai bi tsawon tiyon. Ɗaya ya ɓace, tiyo ya zama igiya.

Kada ka ɗauko koren tiyon da ake ba wa fulawa ruwa a bayan gida. Robarsa tana sakin ɗanɗano, musamman in ya sha rana, kuma shayi ne ke fara tona asirinsa. Akwai wanda aka yi musamman don ruwan sha, a Ingila yawanci shuɗi, a Amurka fari. Shi ma iri biyu ne. Akwai zagayayye na al'ada, mai ƙwari amma mai cin wuri, ga taurin kai in sanyi ya buge shi, kana naɗewa yana warwarewa. Akwai kuma shafaffe, mai kama da na 'yan kwana-kwana, wanda ake naɗewa a cikin ɗan faifai. Shi ba ya cin wuri, kuma naɗewar tana matse ruwan da ya rage a ciki, amma da yawansu sai ka warware su kakaf kafin ruwa ya wuce, ko da famfon taku uku ne daga mota. Nawa na farko bai kai rani biyu ba ya fara tsartuwa ta ƙananan huji. Tiyon da ke miƙewa da kansa in ruwa ya shiga kuwa, ban ba ka shawara ba. Yana buƙatar ƙarfin ruwa kafin ya miƙe, kuma mafi yawansu ba don sha aka yi su ba.

Maganar tsawo, mutane suna ganin gara mai mita 25 don ya kai ko'ina. A ganina gara guda biyu gajeru, ɗaya mita 5 ɗaya mita 10, da mahaɗi a tsakani. A wuraren da aka tanada don cika tanki mita 5 kan wadatar. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: tiyo mai faɗin rabin inci, in ya kai mita 15, yana riƙe kusan lita biyu na ruwa a cikinsa. In ba ka zazzage shi ba, wannan ruwan zai kwana ya wuni a rumbun mota mai zafi, kuma shi ne zai fara shiga tankinka a cikawa ta gaba. Don haka kafin ka sa bakin tiyo a tanki, bar ruwa ya gudana a ƙasa na ɗan lokaci. In ka gama, ɗaga shi ya tsiyaye, sannan ka haɗa bakunansa biyu da juna don kada ƙasa ko ƙwaro su shiga.

Babban ciwon kan tiyo shi ne kawuna. Famfunan Turai masu zare a baki yawanci rabin inci ne ko kashi uku cikin huɗu na inci, jefi-jefi a ci karo da mai inci ɗaya. Kawunan kamfanin Hozelock na Ingila da na Gardena na Jamus suna shiga juna, wannan kam sauƙi ne. Amma akwai famfo mai sulɓin baki, babu zare, akwai kuma wanda sai ka danna ka riƙe, da ka saki ya ɗauke. Irin waɗannan sai da kan roba mai kilif da ake ɗaurewa da sukurudireba, shi ma in ruwan ya zo da ƙarfi yakan fizge ya wanke maka gaban riga. Ina da wata tsohuwar robar man shanu cike da kawuna, kuma na sayi na kashi uku cikin huɗu ya fi sau biyar, don kullum a jikin famfo nake mantawa da shi. Wanda ya zo bayana dai ya samu sadaka.

Wasu wurare za ka tarar da tiyo a rataye, na kowa da kowa. Kada ka taɓa shi. Da idona na ga wani ya zura bakin irin wannan tiyo cikin akwatin da ke tara ƙazantar bayin motarsa yana ɗauraye shi, ya mayar ya rataye, ya tafi abinsa. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma wanda ya zo bayansa ba zai ga alama ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A Ingila ma sansanonin kwanan irin waɗannan motoci da yawa ba sa barin tiyo a jikin famfo, saboda dokar kayan famfo ta 1999 ta tsananta kan hana ruwa mai datti komawa baya cikin bututun gari. Akwatunan ƙarfe masu famfo biyu kuwa, yawanci ɗaya na ɗauraye bayi ne, ɗaya na sha, sai ka duba rubutun jikinsu. Ko na shan ma nakan goge bakinsa da ɗan tsumma mai maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin in ɗaura.

Butar lambu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗan. Duk famfon da ruwa ke fita daga cikinsa ya dace da ita, mai zare ne ko marar zare, na bango ne ko na cikin banɗakin gidan mai. Ka cire rariyar da ke kan hancinta, dogon hancin nan ya shige bakin tanki daidai, ba sai da mazurari ba. Abin da ya fi burge ni da ita kuwa sai wanda ya taɓa kafa mota a sansani zai gane. Ka hau da ƙafafun mota kan matakan daidaitawa, ka ja wayar lantarki, ka buɗe rumfa, an shimfiɗa tabarma, uwargida ta ɗora tukunya, sai ruwa ya ƙare. Mai tiyo kaɗai dole ya kwashe komai ya tuƙa zuwa wurin famfo ya dawo ya sake kafawa. Mai buta sai ya ɗauki abarsa ya taka. In ka mayar da shi ɗabi'a, duk fitar da za ka yi ka tafi da ita ka dawo da lita 10, ba za ka taɓa ganin jan fitila ba.

Aibinta a fili yake. Tanki mai lita 100 sahu goma ne, kowane sahu kilo 10 a hannu ɗaya, kafaɗa tana karkata. In famfo na da nisa, ko ana ruwan sama, za ka ji a jikinka. Buɗaɗɗiya ce kuma, ba ta da murfi, ba za ka adana ruwa a cikinta mota na tafiya ba, kuma ƙura tana shiga. Tawa a cikin babbar leda take zama, ba a wanke komai da ita, ba ta kusantar bayi. Surarta ma ba ta da daɗin ajiya, hancin nan kullum sai ya tokare wani abu.

Jarka ta fi ta ta fuska ɗaya, ta gaza ta ta wata. Tana da murfi, don haka tana zama ajiya, kuma ita kaɗai ce a cikin kayan nan za ka iya ɗauka cike ka shiga mota da ita. Amma zuba ruwanta a tanki aiki ne. Bakin tanki a gefen mota yake, a tsaye, yawanci tsakanin ƙugu da ƙirji. Ka ɗaga jarka mai lita 20, wato kilo 20, zuwa can, ka karkata ta cikin mazurari mai lanƙwasasshen wuya, ruwa na kwankwaɗa yana fantsama, rabi a tanki kwata a takalminka. Wanda ya saba ganin 'yan garuwa suna juye jarka a randa zai ɗauka sauƙi ne, amma randa bakinta a sama yake. In jarka za ka saya, sayi biyu masu lita 10, ka ɗauka hannu bibbiyu, nauyin ya daidaita. Masu naɗewa na leda mai kauri ba sa cin wuri in babu komai a ciki, sai dai wajen zubawa suna laƙwas kamar salka, kuma daga inda suke ninkewa suke fara yoyo.

Akwai hanya ta huɗu da aka aro daga masu jan ɗaki a bayan ƙaramar mota: gangar roba mai lita 40 da ake gangarawa a ƙasa da mariƙi, wadda aka fi sani da sunan Aquaroll. Ka cika ta a famfo, ka jawo ta kamar akuya, ka jefa ɗan injin tsotso mai aiki da batirin mota a ciki, ya tura ruwan tanki. Ga dattijo, ko mai ciwon baya, ko wanda zai kafa mota mako guda a wuri ɗaya, babu kamarta. Ga mai kwana nan gobe can, kaya ce kawai. Tana cinye rumbu, tana shigo da laka, kuma sai motarka tana da soket kusa da bakin tanki ko ka ja waya. Ɗan injin tsotson nan shi kaɗai, ba tare da gangar ba, ya fi amfani: ka ajiye jarka a ƙasa ka jefa shi ciki, ka huta da ɗagawa.

Ƙasar da za ka yi yawo a cikinta tana da ta cewa a wannan zaɓi. Faransa aljannar mai tiyo ce. Garuruwa da ƙauyuka sun tanadi dubban zangon da suke kira aire, da akwatunan ruwa irin na Euro-Relais da Flot Bleu. A waɗanda na tsaya, wasu kyauta ne, da yawa kuma wajen yuro 2 ne a ba ka lita 100 ko minti goma. Lura da wannan na minti goma: agogo ne ke tafiya ba lita ba, don haka ka ɗaura tiyo ka buɗe murfin tanki tukuna kafin ka jefa kuɗi, kuma dogon tiyo siriri zai cinye maka lokaci. Mai buta a nan shi ne a ƙasa, rabin kuɗinsa a kwata zai tafi. Jeton ɗin nan ana samunsa a ofishin magajin gari ko ofishin masu yawon buɗe ido ko kanti, kuma na wani kamfani ba ya shiga akwatin wani. Yanzu in na samu nakan sayi biyu in ajiye ɗaya. Sababbin akwatuna suna karɓar katin banki, zangon Camping-Car Park kuma da katinsu ake shiga.

Tsarin Jamus ya fi kwanta mini. A zangonsu da ake kira Stellplatz, injuna da yawa suna sayar da ruwa da lita, ka jefa santi 10 ka samu wajen lita 10, yuro ɗaya ya kusa cika tanki. Kana sayen abin da kake buƙata ne kawai, buta da tiyo duk suna aiki. Ka dai riƙa tara ƙananan sulalla.

Ingila ce mai wuya. Irin wannan zango na gari bai yawaita ba, ruwa yana hannun sansanoni. Manyan ƙungiyoyi biyu, Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901 da Caravan and Motorhome Club da ta faro a 1907, suna da sansanoni masu wurin cika tanki na musamman, suna kuma da ƙananan wurare a gonaki masu ɗaukar mota biyar kacal. A irin waɗannan gonaki famfo ɗaya ne a jikin shinge, can gefen fili, kuma in ƙasa ta jiƙe ba za ka so ka tuƙa tan uku da rabi a kan ciyawa zuwa wurinsa ba. Nan buta take cin kasuwarta. Gidajen mai kuwa, ka sha mai tukuna sannan ka tambaya, yawanci ba sa hanawa. Amma ruwan da ke kusa da injin iskar taya na wanke gilashi ne, ka nemi su nuna maka famfon sha.

Kalmomi kaɗan ne za ka haddace don kada ka zuba abin da ba a sha: eau non potable a Faransa, kein Trinkwasser a Jamus, agua no potable a Sifen, acqua non potabile a Italiya. Manhajoji irin su park4night da Campercontact suna nuna inda famfo yake, sai dai ka duba ranar da mutum na ƙarshe ya ce ya samu ruwa, don famfon da ke aiki a Yuni ana iya rufe shi a Nuwamba saboda ƙanƙara. Fari ma yakan rufe shi. A watan Agusta na 2022 gwamnatin Faransa ta sanar cewa garuruwa fiye da 100 ba su da ruwan famfo, da tanka ake kai musu. A irin wannan hali baƙo ya je famfon tsakar gari ko na maƙabarta ya ɗebi lita 100 ba mutunci ba ne. Ni ma a ranar nan lita 50 na ɗiba, da izinin ɗan gari, kuma ba shekarar fari ba ce.

Sai tambayar da ta fi raba kan masu motar nan: a cika tanki fal kafin a kama hanya, ko a tafi da kaɗan? Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Yawancin motocin an ƙayyade musu kilo 3,500 gaba ɗaya, don lasin ƙaramar mota a Turai nan ya tsaya, haka ma a Birtaniya ga duk wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997. Motar da kanta ta riga ta cinye mafi yawan nauyin. Abin da ya rage shi za ka raba tsakanin mutane da tufafi da kekunan yara da buhun shinkafa da garin tuwo da ruwa. Masu ƙera motoci da yawa ma da lita 20 kacal a tanki suke lissafin nauyin da suke rubutawa a takarda, har suna sa wani bawul da in ka juya shi yake zubar da ruwa ya bar lita 20 na tafiya. Ka cika lita 120, ka ƙara kilo 100 da ba ya cikin lissafinsu. A Birtaniya tarar wuce nauyi a bakin hanya tana kamawa daga fam 100 zuwa 300, kuma ana iya hana ka motsawa sai ka rage kaya. Tankin kuma sau da yawa a baya yake, don haka ƙafafun baya na iya wuce iyakarsu ko da jimlar ba ta wuce ba.

Na kai tamu sikelin manyan motoci sau ɗaya, da iyali da kaya da cikakken tanki, na ga kilo 40 kacal ya rage mana. Tun daga nan, in na san inda za mu kwana akwai famfo, da sulusin tanki nake tafiya. In kuma gona za mu, ko tsaunukan arewacin Sikotilan inda ba tabbas, nakan cika a wuri na ƙarshe da na samu. Abin da ba na yi shi ne tafiya da tanki wayam. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, lita 30 ɗin nan ita ke ba ka damar wuce famfon da bai kwanta maka ba.

Rage sha ma wata hanyar cika tanki ce, kuma a nan buta ta gida ta fi duk dabarun Turawa. Injin ruwan motar yana turo lita 7 zuwa 10 a minti. Ka buɗe famfo ka yi alwala a ƙarƙashinsa, ka zubar da lita goma ba ka sani ba, kuma duk ta tafi tankin ruwan wanke-wanke da sai ka nemi inda za ka zubar. Da buta, lita ɗaya ta ishe ka har da saura. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, wanda bai kai lita ba. In yanayi ya yi kyau a waje muke yi, a kan ciyawa. Tsarki kuma yana cika akwatin bayi, wanda bai fi lita 17 zuwa 19 ba, da sauri fiye da yadda masu ba da hayar mota za su gaya maka.

A sha ruwan tanki ko kada a sha? Ruwan famfo a yammacin Turai mai kyau ne, matsalar daga tankin take. Ɗan kulorin da ke cikin ruwan gari yana gushewa cikin 'yan kwanaki, tanki kuma yana ɗumi da rani, sai yauƙi ya fara kama bangonsa da cikin bututu. In ka ji ruwan ya canza wari kada ka yi musu, ruwa ba ya tsami banza. Abin tsoron ma bai tsaya ga sha ba. Ƙwayar Legionella, wadda ta samo sunanta daga ɓarkewar cutar a taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta shaƙar feshin shawa take shiga huhu. Digiri 60 yana kashe ta, shi ya sa nake kunna tukunyar ɗumama ruwa a matakin mafi zafi lokaci-lokaci, musamman in mota ta daɗe a ajiye.

Wasu suna ɗaura matatar gawayi a jikin tiyo don ruwa ya shiga tanki a tace. Ina ganin sun juya abin. Gawayi yana cire kulorin, wato ka tuɓe wa ruwan kariyarsa sannan ka ajiye shi a wuri mai ɗumi. Matata a bakin shiga ta tsaya ga tare yashi da tsatsa, ta gawayi kuma a ƙarƙashin famfon kicin ya kamata ta zauna, inda ruwa ke fita zuwa kofi. Akwai ƙwayoyi masu sinadarin azurfa irin Micropur da ke hana ruwa lalacewa na tsawon watanni, suna da amfani ga mai barin ruwa ya daɗe. Wanke tanki kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara ne, da maganin da aka yi don haka, a kuma kiyaye barin kulorin mai ƙarfi ya kwana a tukunyar ɗumama ruwa, don yana cin ƙarfenta. Mu a gidanmu mun raba gardama da jarka: lita 10 ta sha da shayi da goge baki tana ƙarƙashin teburi, ana sabunta ta kullum, tanki kuma na wanka da alwala da wanke-wanke ne.

To, wanne za ka ɗauka? In hayar mako ɗaya ko biyu ka yi, za a ba ka tiyo tare da motar, amma ba ka san inda ya shiga ba. Ka ɗauraye shi sosai, ka tsaya a kantin kayan lambu na farko ka sayi butar lambu da kawuna biyu, da jarka ɗaya ta sha, duka ba su kai kuɗin kwana ɗaya a sansani ba. In motar taka ce kuma Faransa da Jamus za ka riƙa zuwa, tiyon ruwan sha gajere guda biyu da robar kawuna, buta kuma a matsayin mataimakiya. In a gonakin Ingila da Sikotilan za ka fi kwana, buta ce uwar aiki, tiyo na ranar da aka dace. Mai ciwon baya ya ƙara ɗan injin tsotso. In kuma aka ce wuri ya ƙure, abu ɗaya tak zan ɗauka, ba zan yi dogon tunani ba, butar zan ɗauka. Tiyo ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma ya sha barina a tsaye, ita kuwa ba ta taɓa ba.

Abu biyu suka rage, duka na bakin tanki. Na farko, ka duba murfin da kake buɗewa. Masu ba da hayar mota sun sha karɓar motar da aka ɗura wa dizal a tankin ruwa, kuma warin dizal ba ya barin roba, sau da yawa sai an sauya tankin da bututunsa. Na biyu na lokacin sanyi ne. Tukunyar ɗumama ruwa ta kamfanin Truma, wadda ke cikin motoci da yawa, tana da bawul da ke buɗe kansa in sanyi ya sauko wajen digiri 3, ya zubar da ruwan tukunyar don kada ƙanƙara ta fasa ta, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama zuwa wajen digiri 7. Wata asuba a ƙarshen Oktoba, a arewacin Sikotilan, na yi sahu takwas da buta hannuna na ƙanƙarewa, na shiga na kunna injin ruwa, sai na ji yana ta gurnani bai tsaya ba. Na leƙa ƙarƙashin mota, ga ruwana yana kwarara kan tsakuwa. Yanzu in gari ya waye da sanyi hita nake fara kunnawa, a dafa shayi da ruwan jarka, in mota ta yi ɗumi in danna bawul ɗin in ji ya kama, sannan in ɗauki buta in fita.